Ni ce kansila, Babana ne ke jagorantar masu adawa da sabuwar tashar jirgi

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma abin ba na faɗa wa abokan aiki ba ne.

Ni kansila ce a majalisar birninmu, ina cikin kwamitin da ke sa ido kan ayyuka. Mu ne ke zagayawa mu duba abin da 'yan kwangila suka yi kafin a karɓa. Ba yabon kai ba, mun taɓuka. Titin kasuwa da ke cinye tayoyin mutane ya zama sumul, mun sa an sake haƙa magudanar da aka yi wa aikin ganin ido, fitilun kan titi kuma sun kama har masu shayi suna mana addu'a. Saura aikin bakin kogi. An gina bango, an yi sabuwar tashar jirgi mai matakala da ginshiƙai, kuma nan ba da daɗewa ba za mu kaɗa ƙuri'ar rufe tsohon mashigi, saboda gaɓar tana zaftarewa.

To, Gwaggo, mahaifina mai fito ne. Da kwale-kwalen nan ya ciyar da mu, da shi ya kai ni makaranta. Shi ne kuma ya haɗa kan masu jirage suka ce ba za su koma sabuwar tasha ba. Ranar jin ra'ayin jama'a ya miƙe a zauren majalisa, ya juyo wajena ya ce, “Ranki ya daɗe, Kansila, ruwa ba a kan takarda yake gudu ba.” Zaure ya ɗauki tafi. Mutumin da bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata! Na yi murmushi a gaban mutane, na shiga banɗaki na yi kuka.

Da farko na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Sai ranar da muka je gwajin tashar. Shugaban kwamiti ya roƙi Baba ya kawo jirginsa a gani. Ya taho lafiya lau, yana zuwa dab da matakala sai gaban jirgin ya daki ginshiƙi, har wata mai kwando ta faɗi zaune. Aka yi dariya, Baba ya ce ga shi nan, ɗan kwangila ya dasa ginshiƙi a kan hanya. Ni ban yi dariya ba, domin na ga yadda ya miƙa hannu yana lalubar igiya alhali tana gabansa.

Daga nan na fara lura. Na shiga gida ya gaishe ni da sunan ƙanwata, sai da na yi magana ya gyara. Yana zuba ruwan zafi a gefen kofi. Na tsare Inna a kicin, ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe, sannan ta ce, “Kin ga abin da na gani. Tsohon mashigin ko ido rufe zai shiga, ya san kowane dutse. Ki rufa wa ubanki asiri.”

Yanzu idan na goyi bayan rufewa, na kashe masa sana'a da hannuna, ko kuma ya je sabuwar tasha ya kifar da mutane. Idan na ƙi, na ci amanar waɗanda suka zaɓe ni, ga gaɓa tana cin ƙasa. Idan na faɗi dalilinsa na gaskiya, na tozarta shi a gaban mutanen da ke bin bayansa. Maigidana ya ce in yi rashin lafiyar ƙarya ranar ƙuri'a. Kullum na ga jirginsa cike da 'yan makaranta sai gabana ya faɗi. Ina son Babana, Gwaggo, ina kuma son aikina. Yaya zan yi?

'Yar mai fito

*

'Yata,

Share hawayenki. Abin bai kai baƙin da kike gani ba, kin dai haɗa matsala biyu kin ƙulla wuri guda, ta ido da ta ƙuri'a. Kwance su.

Ta ido ita ce mai gaggawa, kuma ba ta jiran zaman majalisa. Ni ba likita ba ce, amma dushewar gani a shekarun mahaifinki sau da yawa yanar ido ce sanadi, kuma likitocin ido suna cire ta mutum ya koma harkarsa. Ko ba ita ba ce, gara a sani da wuri. Ina zargin Baba bai taɓa zuwa an duba shi ba, domin yana tsoron abin da za a ce masa. Ki duba lamarin ta wajensa. Mutum ne da duk garin ke shiga jirginsa da amana, yau ga shi yana lalubar igiya, kuma 'yarsa ce ke riƙe da hukuncin wurin da ya rage masa. Wannan “ranki ya daɗe” da ta ƙona ki, tsoro ne ya sa rigar faɗa.

Don haka ki je masa a matsayin 'ya. Ki bar motar ofis, ki bar maganar tasha gaba ɗaya. Ki zauna kusa da shi ki ce kin lura, kin kuma nemo likita, ke za ki raka shi. Kada ki sa Inna a tsakiya, ta ɗauki nauyin nan ita kaɗai ya isa. Idan akwai ƙaninsa ko amininsa da yake jin maganarsa, ki tafi da shi. Zai yi faɗa. Ki bar shi ya gama, ki sake faɗa a hankali.

Amma ga inda ba zan sassauta miki ba. Daga yanzu har likita ya yi magana, bai kamata ya tuƙa jirgi da fasinja shi kaɗai ba, ko a tsohon mashigi. Rufin asiri yana da iyaka, iyakarsa kuwa ran 'ya'yan mutane. A samo wanda zai riƙe tuƙi, shi ya zauna a matsayin mai jirgi yana ba da umarni, ba wanda zai ga baƙon abu a nan. Idan ya ƙi sam, ki gaya masa a fuskarsa cewa za ki sanar da wani dattijo cikin masu jiragen a asirce, kuma ki cika. Zauren majalisa dai ba wurin wannan magana ba ne.

Sai ƙuri'a. Ki gode wa maigidanki, amma ki ajiye shawararsa. Ciwon ƙarya na yini ɗaya ne, washegari matsalar na nan tana jiranki. Ki sami shugaban kwamiti ki ce masa jagoran masu ƙorafi mahaifinki ne, ki tambayi abin da ƙa'idarku ta tanada. In ta ce ki janye, ki janye a fili. In ta ba ki dama, ki zaɓi abin da kika san shi ne daidai, tunda da bakinki kin ce gaɓar tana zaftarewa.

Kada kuma ciwon Baba ya sa ki watsar da ƙorafin sauran. Ba dukansu ne idonsu ya dushe ba, amma sun bi shi. Me suka gani? Ki koma tashar ki shiga jirgin wani, ki dubi ginshiƙan daga cikin ruwa. Suna fitowa sosai, ko launinsu ya saje da na kogi? An yi musu fenti mai haske? Akwai fitila a bakin matakala, akwai tayoyin da za su tare karo? Wannan ai shi ne ainihin aikinku na sa ido, kuma kuna da ikon ƙin karɓar aiki sai an gyara. Idan aka gyara bisa ƙorafinsu, masu jirage za su koma da mutuncinsu, mahaifinki kuma zai iya cewa faɗansa ya yi amfani, ba tare da ya yi ƙarya ba.

Ban yi miki alkawarin zai gode miki a makon nan ba. Amma uban da ya yi ta haye kogi don 'yarsa ta yi karatu ba zai daɗe yana fushi da ita don ta kama hannunsa zuwa asibiti ba. Ki je gobe da safe, kafin ya sauka bakin ruwa.

Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe idonsa, ke kuma ya yi miki jagora a kujerar da aka damƙa miki.

Gwaggonku