Ranar Gama Aikin Asibiti

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya lau, in ban da kewarku.

Kin tambayi yaushe zan zo in kwaso ku. Na san na ce ƙarshen watan nan, to ki ƙara haƙuri. Manhajar kwamfutar da muke haɗa wa asibitin nan, wadda za ta maye gurbin katunan marasa lafiya, ba ta kammala ba. Tun farko Oga ne ya yanke ranar gamawa a ɗakin taro, bai tambayi ko ɗayanmu ba. Aka tafa masa, ya dawo ya ce in san yadda zan yi, tunda ni ne shugaban masu aikin.

Ga likitoci kuma. Yau wannan ya leƙo ya ce a ƙara ɗakin magani a manhajar, gobe wancan ya ce ɗakin gwajin jini. Kowa cewa yake ɗan ƙaramin abu ne. Oga bai iya cewa a'a ba, ranar kuwa ba ta motsa.

Na ga wani gida kusa da makaranta, da fili inda Auta zai yi ta guje-gujensa. Ki gaishe su duka.

Naki,
Baban yara

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin cewa Babba ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ki ce mata babanta ya yi ta nuna wa mutane takardar sakamakon har suka gaji da shi.

Abubuwa sun ƙara cakuɗewa. Dogo, wanda ya san cikin manhajar kamar tafin hannunsa, ya samu wani aiki ya tafi, kuma bai rubuta komai ba, duk a kansa yake. Oga ya kawo sababbin ma'aikata wai don a yi sauri. Yanzu koya musu nake yi, aikin yana zaune. In na tambayi kowa ina aka kwana, sai ya ce saura kaɗan. An ɗage ranar sau biyu, amma ba a rage ko abu ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai, asibiti sun riga sun kwashe ɗakin kati, sun yi masa fenti don bikin ƙaddamar da manhajar. Katunan suna cikin kwalaye a baranda. Jiya na wuce wata tsohuwa a kan benci tun safe, ana ta birkita kwali ana neman nata. Da na dawo da la'asar tana nan. Na sunkuyar da kai na wuce.

Mai gidan nan da na gani kusa da makaranta ya ba wani haya. Kada ki damu, za a samu wani.

Mijinki

Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na bi shawararki na faɗi gaskiya a taro. Na ce a tsayar da ƙara sababbin abubuwa, a fara da rajistar marasa lafiya kaɗai, a gwada ta sosai, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Na ce a bar masu aikin su faɗi tsawon lokacin da suke bukata, a mayar da katunan ɗakinsu kafin nan. Suka saurara, har shugaban asibitin ya gode mini.

Da mako ya zagayo aka kawo wani sabon shugaba a kaina. Shi ya yi musu alkawarin gama komai kafin wata ya ƙare. Yaro ne mai ladabi, yana ce mini Yaya. Bai buɗe manhajar ba tukuna. An mayar da teburina kusa da ƙofa, kuma yarjejeniyata ta ce ba zan tafi ba sai an miƙa aiki.

Ki kwance kayan da kika ɗaure. Ki mayar da yara makarantarsu kafin a ba wasu gurbinsu. Kin ce Auta ya daina tsayawa a bakin ƙofa in ya ji mota. Ki bar shi haka, ya fi masa sauƙi. In sun tambaye ki yaushe zan zo, kada ki ƙara faɗa musu rana. Ni ma ban sani ba.

Ki saka ni a addu'a.

Naki har kullum,
Baban yara