Rubutu da Hannun Hagu

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya Mama da ciwon gwiwarta? Ka yi haƙuri da munin rubutuna, da hagu nake yi. Hannun daman yana ɗaure, amma da sauƙi.

Tirela ce ta bugi motar da nake kai kaya da ita. Gabanta ya lotse kamar gwangwani, ni kuwa na fito da ƙafata. Bakanikenmu ya ce haka ake ƙera na yanzu: mota ta sha dukan, mutum ya tsira. Sai na tuna tsohuwar motarka da kake bubbugawa kana cewa, "Ina ake samun irin wannan ƙarfen yanzu?" Irinta kam, ba ta lotsewa, direba take bar wa dukan.

Don Allah ka ajiye ta, Baba. Ba ita nake ɗokin tararwa a ƙofar gida ba, kai ne.

Allah ya ƙara girma.
Autanka