Mijina Yana Saita Kafireto da Kunnen da Ya Yi Ritaya

Anti, ki taimake ni kafin bawan Allahn nan ya yanke ƙafarsa ya ce laifin fetur ne.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina auren mai yankan itace da inji mai sarƙa. Abokan aikinsa Mai Kunne suke ce masa, don da kunne kawai yake saita kafireto. Zai durƙusa a tsakar gida, ya ɗan murza 'yan kusoshin nan uku da siririyar sukundireba, ya karkata kai kamar kaza ta hango shaho, sai inji ya dawo daidai. Har daga nesa ake kawo masa gyara.

To Anti, kunnen ya yi ritaya, mai shi ne bai samu labari ba. Sai na kira shi sau uku, in ya juyo ya ce ina magana ƙasa-ƙasa kamar munafuka. Yanzu in yana saiti, kusar mai yake ta matsewa, inji na tsala ihu, shi kuwa yana murmushi wai yanzu ya ji muryarsa. Inji biyu suka buga a hannunsa a bana. Na farko ya ce gurɓataccen mai aka sayar masa, na biyu ya ce masu ƙerawa sun daina tsoron Allah.

Abin dariya, ni da ban taɓa riƙe injin ba na san saitin, don shekara da shekaru ina wanke-wanke yana cika min kunne. Na san in an ba shi wuta akan ji 'yar gargada a muryarsa, ba wannan siririn ihun ba. Na san in yana sulo, wato yana kunne ba a ba shi wuta ba, sarƙa cak take tsayawa. Shekaranjiya ya ajiye shi yana sulo, ya juya baya, sarƙar na ta gudu har ta zabtare masa ƙafar wando. Bai ji ba. Na ƙwalla ƙara, ita ma bai ji ba.

Da na ce ƙarar injin ta yi sama da yawa, cewa ya yi in koma kan tukunyata. In na ce ya kurumce, na kashe masa abu ɗaya da yake taƙama da shi a duniya. In na yi shiru kuma, wata rana ba wando za ta ci ba. Ya zan yi?

Matar Mai Kunne

'Yar'uwa, na sha dariya, amma da na zo kan wandon nan dariyar ta tsaya.

Ki yi masa adalci. Injin da ya ciyar da ku shi ya cinye kunnen, kuma ba a raba mutum da kirarinsa rana ɗaya. Sai dai ke ce mai gaskiya. Na karanta wa wani bakanike wasiƙarki, ya ce in kina neman aiki ki zo. In an matse mai, inji yakan yi gudun wuce ƙima, ya ɗau zafi, ya buga.

Kada kalmar kurma ta fito daga bakinki, balle a gaban abokan aikinsa. Ki ce ya kwance fulogi ya duba: in ya yi fari fat, injin yunwar mai yake ji. Idonsa dai bai yi ritaya ba. Akwai kuma 'yar na'urar auna gudun inji, ya nema. Ki lallaɓa shi ya ga likitan kunne, ya riƙa toshe kunne wurin aiki don a ceci ragowar. Abu ɗaya ne babu lallashi: inji ba zai bar gida ba sai sarƙa ta tsaya a sulo, ko da za a kwana biyu ba a ga maciji.

Sannan ki ba shi aron kunnenki. Sukundireba na hannunsa, ke kina tsaye inda zai gan ki, da gargadar ta fito ki ɗaga hannu. Ba sai unguwa ta sani ba. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, ba a ce sai kunnen mai jikin ba.

Allah Ya bar ku tare, da ƙafafunsa biyu.