Ƙasar da Kawu ya kwaso

Inna,

Idan kin dawo daga Gwashi za ki tarar da lambun bayan ɗaki babu komai. Ba awaki ba ne, ni na tuge shi. Ki yi haƙuri da ban jira ki ba.

Ma'aikatan lafiya sun shigo da safe, suka auna ƙasar wurin. Sun ce cike take da gubar dalma. Ita ce wadda Kawu Atiku ya kwaso miki a jaki don kada ruwa ya kwanta wa shuka. Ashe a inda ake niƙa dutsen zinariya ya ɗebo ta, wai ta fi laushi. Na gaya masa.

Alayyahu, yakuwa da kuɓewa duk na binne su. Don Allah kada ki share wurin, ƙurar ta fi komai illa.

Na goya Jannatu mun tafi asibitin Anka a duba jininta. Kin san tun da ta fara rarrafe, can take wuni tana cin ƙasa.

Rufaida