Na Buga Fuskar Janar a Bokiti Ɗari Uku

Hajiya Bara'atu, don Allah ki taimake ni kafin Asabar ta sama, murna ta sa na yi aika-aika.

Ni matar soja ce, shekara ashirin da bakwai ke nan da aurenmu. Maigidana a ɓangaren leƙen asiri yake, kuma wallahi sai da na yi haihuwa ta biyu na san haka. In aka tambaye ni aikinsa, cewa nake yana sito, wajen rabon takalma da bargo, don haka ya koya mini. Sai ya ɓace wata huɗu, ya dawo baƙi wuluk da gemu, yana warin shanu, in na tambaya ya ce kwas ya je. Wane irin kwas ne ake dawowa da kaska a wando? Yayata Fadima har matar mai bargo take ce mini. Ga sa'o'insa ana nuna su a talabijin, shi kuwa ko hoton suna ba ya yarda ya shiga.

To, Allah ya yi! Makon jiya aka ƙara masa girma zuwa Manjo Janar, aka damƙa masa shugabancin wani babban sashe na aikinsu a nan Abuja. A al'adar soja, matar mutum ce ke taya ogansa saka masa anini a kafaɗa. Ni na saka na hagu, don ɗoki har na saka shi a juye sai da ogan ya gyara. Na rangaɗa guɗa a gaban manyan hafsoshi, ko a jikina.

Daga nan kaina ya kwance. Ni da Perpetual, ƙawata tun zaman bariki, muka kama wurin biki a bakin tafkin Jabi don Asabar ta sama, muka fitar da anko, muka kai hotonsa ɗaya tilo da nake ɓoyewa wajen mai buga sitika. Bokiti ɗari uku na rabon baƙi, Hajiya, kowanne da fuskarsa. Wai ni nan mamaki zan ba shi.

Da ya gan su jere a falo sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya zaunar da ni. Ashe shekarun baya ya yi zaman dillali a kasuwannin shanu da wani suna, kuma wani dattijo makiyayi ne ya sauke shi a rugarsa, yana gaya wa kowa ɗan ƙanensa ne. Da taimakon dattijon aka ceto wasu mutane da aka sace. Har yau dattijon yana rugar da iyalinsa. Maigidana ya ce bokiti yawo yake, yau yana Kuje, gobe yana kan mai tallar nono, kuma duk ranar da mugu ya gane fuskar, dattijon za a fara nema.

Na san gaskiya ya faɗa. Amma ni ma mutum ce. Na gaji da haɗiye magana, so nake ko sau ɗaya dangina su ga wanda na aura. Bai hana ni bikin ba, cewa ya yi in yi tunani. In fasa ne? Bokitan fa?

Matar Mai Bargo, Abuja

Amsa:

'Yar'uwa, barka da arziki! Na yi dariya, kuma na taya ki guɗar daga nan. Ba ki yi laifi ba da kika so a gani, duk wadda ta yi irin haƙurinki ta cancanci ranarta.

Amma maigidanki ya fi ki gaskiya a kan hoton. Takaicin Fadima kwana biyu ne ya wuce, ran dattijon nan kuwa ba shi da madadi. Yau ɗin nan ki koma wajen mai sitika, ki karɓo hoton da ragowar da ya buga, ya goge shi daga na'urarsa kina tsaye. Ki tambayi Perpetual ko ta tura wa wani a waya. Sitikun ki jiƙa su da ruwan zafi, ki ɓare da hannunki, ki ƙone. Labarin dattijon kuma ya tsaya nan. Ni ma na cire wasu bayanai daga wasiƙarki kafin a buga.

Biki kam kada ki fasa. Ki dawo da shi gida, dangi na kusa kaɗai, a ajiye wayoyi a bakin ƙofa, Janar ya fito musu cikin kakinsa. Ido ya ishe su, ba sai da hoto ba.

Bokitan kuwa, ki buga musu fuskarki. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye wa duniya wannan sirri, ke ya zaunar ya gaya wa, kuma ya bar miki zaɓi. Wannan ma ƙarin girma ne, naki, sai dai ba a saka shi a kafaɗa.

Allah ya taya shi riƙo, ya tsare dattijon da iyalinsa, ke kuma ki sha bikinki lafiya.