Hannun Inna a Fim ɗin Japan

Daren Laraba, unguwar Rusaifa, ƙasa mai tsarki

Na dawo aiki a gajiye, na tarar 'yata Rawan ta kunna fim ɗin zane na tsohon nan ɗan Japan da take ta damuna da zancensa. Niyyata in ce ta kashe, katun ai na yara ne, amma ciwon ƙafa ya zaunar da ni.

Mutumin nan ba ya gaggawa. Sai ya bar iska tana kaɗa ciyawa, ba mai cewa uffan, kuma mutum ba ya ƙosawa. Labarin ma ba mugu a ciki, kowa da uzurinsa. Can aka nuno wata tsohuwa tana bakacen shinkafa a bakin ƙofa. Har yadda take karkata wuyan hannu tana hure ƙaiƙayi da gefen baki, sai da ya zana. Wallahi kamar Inna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a tsakar gidanmu na unguwar Misfala da aka rushe. Wanda ya zana wannan ya daɗe yana kallon hannun uwarsa.

Rawan, da ko gaisuwa da Larabci take amsa min, ta ce, "Umma, esh sunan wannan da Hausa?"

Na ce, "Bakace."

Na sauko da faifan Inna daga saman kwaba in gwada mata. Na zuba shinkafa, ina kaɗawa ta watse a kafet. Ashe duk shekarun nan kallo kawai na yi, ban iya ba.

Muna tsincewa ta ce, "Ma'alesh, ba komai Umma, gobe mu mayar da fim ɗin baya zuwa wurin, mu koya."

To, haka za a yi. Wurin ɗan Japan zan koyi hannun uwata.