Barau Ya Ƙi Allura

Litinin, 3 ga Maris, 1997
Gyambon cikin Baba ya huje. Daga Ɗanzomo aka kwaso shi zuwa asibiti a Gumel, aka yi masa aiki. Shi Baba, Barau ɗan tauri, mai tauna reza a bainar jama'a, yau wuƙar likita ta shige shi kamar kabewa. Ban ji tausayinsa ba. Mutumin da ya karya min hannu da taɓarya ina aji uku.

Talata, 4 ga Maris
Ya farfaɗo yana gurnani. Sista Cecilia ta kawo allurar da ake yi a gefen ciki, mai kashe jijiyoyin wurin ɗinki. Ta ce in zafi ya hana shi tari, majina za ta cika masa ƙirji, ta tafi da shi. Ga abokan taurinsa shida a ɗakin. Shugabansu Ɗantsoho ya ce shi ya kwance masa maganin tauri don a yi aikin, kuma ya riga ya mayar. Baba ya haure farantin allurar, kwalba ta tarwatse. "Ƙarfe ba ya cin Barau!"

Laraba, 5 ga Maris
Zazzaɓi. Numfashi sama-sama. Na ce ya yarda a yi masa allurar, ya naushe ni a baki, leɓena ya fashe, ɗinkinsa ya yi jini. To ya mutu mana.

Alhamis, 6 ga Maris
Sauran sun tafi wasa kasuwar Maigatari, saura Ɗantsoho. Na ja shi bayan ɗaki, na shaƙe shi, na buga kansa da bango. Na ce ya kwance maganin ko in kashe shi. Ni, malamin firamare! Da ƙyar ya ce, "Malam Anas, sake ni. Ba magani ke hana shi ba, idonmu ne." Ya ɗau hularsa ya tafi.

Na koma ɗaki, na kira Sista, na rufe ƙofa. Baba ya juya fuska bango, ya ɗage rigarsa da kansa. Da allurar ta shiga ya damƙe hannuna, bai saki ba har Sista ta gama. Can ya yi tari, ya yi barci.

Juma'a, 7 ga Maris
Ya sha kunu. 'Yan tauri sun dawo, suna tambaya ko ƙarfe ya taɓa shi. Baba ni kawai yake kallo. Na ce allura uku Sista ta gwada, duk suka lanƙwashe.

Sun yi ta yi masa kirari. Ni dai don kada su dame shi da surutu ne.